Ranar da Na Sallami Tsohon Tafinta

Ku samarin da kuke leƙowa shagona a bakin tashar Bebeji, ku hangi baƙin allo da fararen haruffa, ku ce, "Baba Sale, ashe aikin naka danne-danne ne kawai," yau da ku nake. Akwai ma wanda ya ce min duk abin da nake yi zai iya yinsa a wayarsa yana kwance. Na ce masa Allah ya ƙara daɗin kwanciya. Ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon kwamfutoci huɗu, kuma har gobe rabin abin da suke rubuto min ban san ko zagi ne ko gaisuwa ba. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma a gonar rake na ƙarasa shi. Amma akwai abu guda da na sani sarai, don a jikina na koye shi.

Asalin sana'ata gyaran rediyo da rakoda. Kayan aikina a lokacin ba su cika aljihu biyu ba: sukudireba, ƙarfen narka dalma da nake ɗorawa a garwashi, biro na naɗe zaren kaset, da kwalbar jan farce ta liƙe zaren in ya tsinke. Matata ta yi shekaru tana zargin maƙwabciyarmu da ɗauke mata jan farce.

Da rakodar nan na shiga hidimar Malam Yahuza na Dangora, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da wani abu, duk azumi in ya zauna tafsiri, da karatun da yake bayarwa a sauran watanni, ina gabansa a durƙushe da rakoda da kwalin batir. Malam bai taɓa yarda da na'urar nan ba. Kullum kafin ya buɗe littafi sai ya gyara murya, ya sunkuyo ya ce, "Sale, abin naka ya fara juyawa?" In ce, "Ya fara, Malam." Sannan ya yi bisimilla. Duk kaset ɗin da na ɗauka, da wannan tambaya da wannan amsa ya fara.

'Yarsa Safiya ce ta mai da ni ɗan koyo da furfurata. Yarinyar da na sha ɗauka a keke in kai makaranta tana kuka, ita ce ta dawo daga jami'a da ilimin kwamfuta, ta tsaya ta dubi kwalayen kaset da suka kai rufin ɗakina ta ce, "Baba Sale, in aka bar wannan haka, gara za ta riga mu sauke karatun Baba." Ɗaliban Malam, 'yan kasuwa da manoma da direbobi, suka haɗo tsofaffin kwamfutoci huɗu, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Babbar, wadda muke kira uwa, aka ajiye ta a shagona. Ta biyu aka kai Doguwa, shagon hatsin Alhaji Isiyaku, shugaban ɗaliban, dattijo mai gajeren haƙuri da dogon carbi. Ita ke riƙe da cikakken kwafin duk abin da ke cikin uwa. Ƙanana biyu, ɗaya a Ƙafin Maiyaki ɗaya a Tudun Wada, cikinsu ba shi da girma, abin da aka fi tambaya kawai suke ɗauka. Damina biyu muka yi muna juye kaset cikin uwa. Da muka gama na miƙe na yi shelar cewa zamanin kaset ya wuce, na jibge kwalayen a ɗakin baya mai yoyo. Da na waiwaye su bayan shekara uku, zaren ya manne da juna kamar alewa. Ku riƙe wannan: daga ranar, cikakken karatun Malam ba ya ko'ina sai cikin ƙarfen nan biyu, na Bebeji da na Doguwa.

Ranar da Safiya ta fara zaunar da ni gaban baƙin allon, na ce mata ina hotunan da ake dannawa, irin na kwamfutar sakatariya? Ta ce waɗannan tsofaffin ba su da ƙarfin ɗaukar ado, da rubutu za mu riƙa magana da su.

"Amma ka sani, Baba Sale, ita kwamfuta ba ta jin maganar mutum. Akwai mai tsayawa tsakaninku, ka faɗa masa, shi ya faɗa mata. Shel ake ce masa."

"To ki ce tafinta mana, Injiniya."

"Tafinta ɗin. Kuma a cikin uwa su biyu ne."

Na farko da kwamfutar aka haife shi. Sunansa harafi biyu ne, sh, kamar ana korar kaji. Ba ya fara'a, ba ya taimako, abin da ka rubuta shi zai kai, in ka yi kuskuren harafi ɗaya ya ce bai san zancen ba. Na sa masa suna Tsoho. Na biyu kuwa daga baya aka shigo da shi, sunansa bash. Wannan in ka rubuta harafi biyu na farko ka taɓa maɓallin gefen hagu mai kibiyoyi, sai ya ƙarasa maka kalmar da kansa. In ka taɓa kibiyar sama ya tuno maka abin da ka rubuta jiya. Ku duba mutum irina, wanda in an ce ya rubuta Turanci sai ya ji kamar an ce ya haɗiye allura. Ranar na kusa yi wa abin nan rawa. Na sa masa suna Ɗan Gayu.

Sai ta yi min bayanin da na gyaɗa kai ban gane ba. Ta ce cikin uwa kamar gida yake, da zaure da ɗakin ciki. Tsoho a zaure yake kwana. Ɗan Gayu, da yake baƙo ne, a ɗakin ciki aka sauke shi, inda karatun Malam yake. Ta ce sunan shiga biyu ne: nawa, na aikin yau da kullum, da na maigida, wanda suke kira rut, mai ikon gyarawa da rushewa.

"Sunanka ka haɗa shi da tafintan da ranka ke so. Amma na maigida ka bar masa Tsoho. Kada ka taɓa."

"Shi maigida laifin me ya yi?"

"Ranar da gida ya rikice, na zaure kaɗai za ka samu."

Doka ta biyu ta shafi takardar aiki, abin da suke kira sikirif, wato jerin umarnin da kake rubutawa sau ɗaya ka bar wa kwamfuta ta riƙa bi da kanta. Ta ce duk wadda zan rubuta, in rubuta da bakin Tsoho, ko da ta fi tsawo, ta fi muni. Dalili, kowace kwamfuta tana da Tsohonta, amma ba kowacce ce ke da Ɗan Gayu ba. Ta Doguwa ma ba ta taɓa jin labarinsa ba. Na ɗauko littafina na rubuta dokokin biyu da ajami, da kyakkyawan hannu. Bayan mako guda teburin shagon ya fara rawa, na sa littafin a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya daidaita teburin ƙwarai.

Masu zuwa karɓar karatu su suka fara jefa ni a hanyar ɓata. Mutum zai miƙo memori, ba zai ce sura kaza aya kaza ba. Wani Ardo daga rugar bayan Kiru ya ce shi wanda Malam ya yi maganar saniyar da ta shiga gonar mutane yake so, don akwai wanda zai kunna wa. Wata tsohuwa ta aiko a sa mata na rabon gado, amma wanda Malam ya yi da faɗa, ba mai sanyin ba. Direbobi su ce a ba su mai tsawon da zai kai su Jos. Wani dattijo kuwa ya ce shi wanda Malam ya yi dariya har ya kasa ci gaba yake nema. Ita Injiniya da lambobi ta jera karatun. Ni kuma da na gaji da laluben lamba, sai na dinga canza musu suna: saniya, gado mai faɗa, dariya. Kasuwa ta yi daɗi, har aka fara ce min Injiniya ni ma, ban hana ba.

Sai Injiniya ta samu aiki a Fatakwal ta tafi da mijinta. A makon da ta tafi, wani gyara ya taso wanda sai da sunan maigida ake yinsa. Na shiga, Tsoho ya tare ni da fuskar nan tasa. Umarni guda, mai kalmomi shida, na fara shi bayan azahar, ban samu ya karɓa ba sai da aka kira la'asar. Na ce yau dai ka gama aiki a gidan nan. Layi ɗaya ne kacal ake rubutawa a canza wa maigida tafinta, kuma Ɗan Gayu da kansa ya ƙarasa min rabin kalmomin. Wata takwas ba abin da ya faru. Har a wurin mai shayi na riƙa cewa masu digiri tsoro ya yi musu yawa.

Aikin Doguwa ya biyo baya. Takardar da Injiniya ta bari a can mai sauƙi ce: duk Juma'a da hantsi kwamfutar Doguwa ta kira uwa ta layin waya, ta ɗauko duk abin da yake sabo. Ba ta zubar da komai. To ni da nake canza suna kullum, duk sunan da na canza sai ta ɗauka sabon karatu ne. Alhaji Isiyaku ya bugo waya.

"Sale, karatu ɗaya na saurara sau uku yau, kowanne da sunansa. Malam ne yake maimaitawa ko kai ne ka haukace?"

"Ranka ya daɗe, na'ura ce take tilawa."

"Ka zo ka hana ta."

Na zauna kwana huɗu da wani littafi mai kauri da Injiniya ta bari, ina bin misalai kamar mai bin sawun ɓarawo. Na ƙara abu biyu a takardar. Na farko shara: duk abin da babu shi a Bebeji, Doguwa ta share shi. Na biyu, kuma a nan ina so ku shaide ni ban yi sakaci ba, na sa birki: in aka leƙa ɗakin karatu na Bebeji aka ga wayam, to a tsaya, kada a share komai. Na ga tsarin birkin a littafin, kyakkyawa, gajere, da baka mai kusurwa, biyu a dama biyu a hagu. Ban duba kan babin ba, ko da na duba ma ba karantawa zan yi ba. Babin Ɗan Gayu ne. Na gwada a shagona da Ɗan Gayu, na ɓoye karatun da gangan, birki ya kama cak. Na ɗauki takardar a memori na hau mota zuwa Doguwa.

A can na kunna ta a gaban Alhaji. Ta rubuto wani ɗan gajeren layi guda, sannan ta ci gaba da aiki, ta share maimaicin tas. Alhaji ya nuna layin da carbi.

"Wannan me ta ce?"

"Godiya take yi, Alhaji."

Duk Juma'a tana wannan godiyar, kusan rabin shekara.

A shekarar ne Malam ya rasu, cikin Rajab. Bayan an share makoki ɗalibai suka zauna suka yanke cewa azumin bana ba za a ɗauko wani malami ba. Za a sa tafsirin Malam na shekarar da ya fi ƙarfin murya a lasifikar masallacin Dangora, bayan la'asar, daidai lokacin da ya saba zama, daga ɗaya ga wata har a sauke. Aka sanar a masallatai, daga Bebeji har Doguwa. Aka ce Sale ne zai kawo muryar. Na ɗinka sabuwar riga.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu a ɗauki azumi, hadarin farko ya taso da iska da yamma. Ina tsakiyar canza wa wasu karatu suna aka ɗauke wuta. Akwai batirin da aka saya don irin wannan ranar, ya riƙe uwa har a kashe ta a hankali. Batirin yana jikin babur ɗina tun makon jiya, aro na yi. Da wuta ta dawo uwa ta tashi, ta yi 'yan rubuce-rubucenta, ta tambayi suna. Na ba ta nawa da kalmar sirri. Ta haɗiye, ta yi ƙifta, ta sake tambayar suna. Na ce to, bari in zo da babba. Na ba ta na maigida. Ta haɗiye, ta sake tambayar suna. Na yi haka ya fi sau talatin. Na canza allon maɓallai. Na hure ƙura. Na ɗan mare ta a gefe yadda nake wa rediyo. Ba ta ce kalmar sirrin ba daidai ba ce, ba ta ce komai ba. Kamar ka yi sallama a amsa, ka sa ƙafa a zaure ka tsinci kanka a waje. Na bar ta a kunne ko za ta huce. Na ce ai akwai Doguwa, gobe in je in kwaso. Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a da hantsi ina cikin mota, mun wuce Tudun Wada mun shiga dajin Falgore, ina ɓare dafaffiyar gyaɗa ina ba wani fasinja labarin yadda ake sarrafa kwamfuta. A daidai wannan lokacin ta Doguwa ta kira uwa kamar yadda ta saba.

Na isa bayan an sauko daga masallaci. Na tarar da mutum biyar a bakin shagon hatsi riƙe da memori, Alhaji a tsaye.

"Gara da Allah ya kawo ka. Tun ɗazu ba ta nuna komai."

Na zauna a kan buhun masara na ce ta jero min abin da ke cikinta. Ba ta jero komai ba. Na sake. Wayam. Ɗakin da ke cike da shekara ashirin da wani abu na karatu, an share shi an yayyafa ruwa. A saman allon ga ɗan layin nan na godiya.

"Birkin fa?" na ce da ƙarfi. "Ai na sa birki!"

"Wane birki? Mota ce?"

"Alhaji, anya ba mutanen ɓoye ba ne? Kusa da daji kuke."

"Wane aljani ne zai bar buhun masara ɗari ya ɗauki tafsiri? Kai dai ka ɗauko na Bebeji ka zuba mana."

Na mai da ido kan allon. Ya dube ni, ya dubi carbinsa, ya sallami mutanen. Sannan ya ce, "Faɗi." Na faɗa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce na Ƙafin Maiyaki da Tudun Wada fa? Na ce kashi ɗaya cikin goma ne, kuma gutsure-gutsure, babu tafsirin azumi ko na shekara ɗaya cikakke. Kaset fa? Na ce alewa. Ya ce, "Gobe da asuba tare za mu tafi. Kuma kai za ka kira 'yar Malam da bakinka."

Asabar da hantsi muna shagona, waya a kan tebur a buɗe, Alhaji a benci. Ta ɗauka.

"Injiniya, ina kwana? Ya gida? Ya maigidan? Ya ruwa a can, an ce ku kullum damina? Ya ƙarin haƙurinmu? Ya kifi, har yanzu da araha?"

"Baba Sale, gaisuwar nan ta yi tsawo. Me ka ɓata?"

Na ce ba ɓatawa ba ce, uwa ce take amsa sallama ta hana shiga. Ta tambayi abu biyu, wuta da batir, na amsa ɗaya. Sai ta ce, "Ka taɓa tafintan maigida?"

"To, taɓawa dai kamar yaya?"

"Ya taɓa," in ji Alhaji daga benci. "Dubi fuskarsa. Au, ba kya gani. Ya taɓa."

Ta gaishe da Alhaji da ladabi, sannan ta dawo kaina. Ta ce ɗaukewar wutar ta bar ɗakin ciki a hargitse, uwa kuma ba ta buɗe ɗakin da ya hargitse sai maigida ya duba shi. Ɗan Gayu yana kulle a ciki. Ni na ce maigida ba zai yi magana ba sai ta bakin Ɗan Gayu. Wato na tura mai mukulli ya nemi izini wurin wanda aka kulle. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce na gane, Alhaji ya ce ƙarya nake.

Sai na gaya mata na Doguwa. Alhaji ya riga ya ɗauki hoton layin godiyar a wayarsa, ya tura mata. Ta duba hoton.

"Ba godiya ba ce, Baba Sale. Tsohon Doguwa ne yake gaya maka bai san kalmar nan mai baka huɗu ba. Duk Juma'a yana gaya maka. Da bai gane birkin ba sai ya tsallake shi ya wuce ga abin da ya gane, shara. Jiya ya leƙo Bebeji, ɗaki a kulle, ya ga kamar babu komai, ya mai da Doguwa daidai da Bebeji. Abin da ka ce ya yi, shi ya yi."

Alhaji ya matso da bakinsa kusa da wayar. "'Yata, karatun mahaifinki yana nan ko babu?"

"Ban sani ba, Baba Alhaji. Sai mun shiga."

Ashe akwai ƙofar baya. Ta ce in kashe uwa in kunna, in ta fara ƙirga in danna wata lamba kafin ta gama. Sau biyu ina makara. A na uku allon ya tsaya da tambaya guda. Ta ce tambayarka take wane tafinta kake so, in ba ka da zaɓi danna babban maɓalli ta ba ka na zaure. Na danna. Wata 'yar alama guda ta fito a gefen hagu, ba ado, ba maraba. Tsoho. Wata goma sha huɗu da na sallame shi, yana nan zaune inda na bar shi.

Daga nan har azahar ita tana faɗa harafi-harafi ni ina nema da yatsa ɗaya. Na taɓa maɓallin ƙarasa kalma don sabo, ba wanda ya ƙarasa min. Muka sa shi duba ɗakin ciki. Sai ya fara jero tambayoyi, kowacce a amsa da i ko a'a. Na ce in danne i kawai mu huta? Su biyun suka daka min tsawa tare, ɗaya daga benci ɗaya daga Fatakwal. Kowace tambaya Alhaji ya ɗauki hoto, ya tura, mu jira. A ta goma sha wani abu ta ce, "Wannan ya karye, ba ya gyaruwa. Ka ce i." Na ce mene ne shi? Ta ce sai daga baya za mu sani. Na danna.

Da ya gama ta ce kada in buɗe ɗakin tukuna. "Fara mayar wa maigida tafintansa." Na ce Injiniya, mu fara ganin karatun mana. Ta ce a'a, in ta bari na gani, na san hali. Na mayar. Sannan muka buɗe ɗakin, na rubuta haruffa biyun da ke jero kaya. Sunaye suka fara zubowa suna gudu sama, lambobinta da sunayena a cakuɗe, gado mai faɗa, dariya, na direbobi. Alhaji ya miƙe ya fita waje, ya daɗe yana kallon motocin Kano.

Zama uku ne suka karye, waɗanda nake taɓawa lokacin da wuta ta tafi. Biyu mun same su a wayoyin mutane. Na saniya a wurin Ardo, wanda sai da ya sa na sha fura ƙwarya biyu na yi masa bayani sau uku kafin ya ba ni. Na ukun, wani karatun safe ne na wata damina, babu wanda ya taɓa tambayarsa, don haka babu wanda yake da shi. Ya tafi ke nan. Ni na kashe shi.

Ranar Lahadi na koma Doguwa da karatun a faifai na zuba. Na sake rubuta birkin da bakin Tsoho, baka ɗaya a dama ɗaya a hagu, layi biyar maimakon ɗaya, mummuna kamar facin taya. Kuma a can na gwada shi, a kan kwamfutar da ta fi duka daƙiƙanci, ba a shagona ba: na sa ta kira ɗakin da babu komai, ta tsaya cak, ba godiya. Sharar ma na canza ta. Yanzu abin da za a zubar sai ya yi wata guda a wani lungu. Littafina na ciro shi daga ƙarƙashin tebur, na sa tsohon kaset a madadinsa. In kun tambaye ni me ya sa baka biyu ke aiki ko'ina, huɗu kuma sai wani wuri, wallahi ban sani ba. In kun tambaye ni me ya sa masu ilimin nan suka yi tafinta iri-iri maimakon su yi guda su huta, ku tambaye su. Da sunana har yau Ɗan Gayu nake kira, muna shiri. Amma duk layin da kwamfuta ta rubuto min yanzu, ko na harafi uku ne, sai na samu mai karantawa, ko da ɗayanku ne ku masu kwanciya.

Litinin aka tashi da azumi. Bayan la'asar masallacin Dangora ya cika har bakin titi, mata a bayan katanga. An shimfiɗa buzun Malam a inda yake zama, ba kowa a kai. Ni ban yi niyya ba, ƙafata ce ta kai ni gurbina na dā, na durƙusa a gaban buzun da 'yar na'urar da na haɗa da lasifika. Alhaji yana sahun bayana. Na danna.

Aka ji shuuu irin na tsohon kaset. Aka ji gyaran murya. Sai Malam ya sunkuyo daga cikin lasifika, duk garin na ji, ya ce, "Sale, abin naka ya fara juyawa?"

Kafin Salen cikin kaset ya buɗe baki, na riga shi. "Ya fara, Malam."

Daga bayana Alhaji Isiyaku ya ce, a hankali, "Da ƙyar."